Wankan Jego a Saman Bene

Shekara tara muka yi ni da matata Mashkura muna jiran haihuwa, sai wata Asabar da hantsi Allah Ya ba mu 'ya mace a wani asibiti da ke Gwarinpa. Ba zan ɓoye ba, kuka na yi. Na jingina da bango ina sharɓe, har wata nas ta tsaya a kaina tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Washegari aka sallame mu, kuma a ranar surukata Hajiya Hussaina ta iso daga Malumfashi da buhun gero da ƙulle-ƙullen kayan yaji. Mashkura ce autarta. Mu kuwa a saman bene muke zaune, ɗaki biyu da falo, a gida mai ɓangare huɗu, duk tankin ruwa ɗaya muke sha. Hajiya ta hau matakalar nan tana hutawa bayan kowane taku biyar. Ta leƙa kicin, ta leƙa banɗaki, ta fita baranda ta daɗe tana kallon unguwa. Tambaya ɗaya ta yi wa 'yarta.

"Auta, ina ake hura wuta a gidan nan?"

Babu inda ake hurawa. Mai gidan haya ya hana ko gawayi, balle itace. Abin da muke da shi na dafa ruwan wanka shi ne wata tsohuwar hita da muka gada a wajen wanda ya riga mu zama, tana maƙale a saman banɗaki kamar ganga, gindinta duk tsatsa. In ta ga dama ta ba ka bokiti ɗaya mai ɗumi, sannan ta nemi hutun awa guda, shi ma in 'yan NEPA sun yarda. Ni da ita mun saba, na san halinta. Amma wankan jego safe da yamma har kwana arba'in ba aikinta ba ne.

Ranar Litinin da safe ta nuna kanta. Ana cikin tarar ruwa aka ɗauke wuta. Hajiya ta koma kicin ta ɗora babbar tukunyarmu a kan gas, wadda ko shinkafar mutum shida ba ta ɗauka. Kafin tukunya ta huɗu ta tafasa, ta farko ta huce. Ina falo ina jin ƙarar murfi da tsaki. Da aka gama, sai na ji muryarta daga ɗaki, da 'yarta take magana amma falo ta saita.

"Ran Lahadi, in an gama suna, motar da ta kawo 'yan suna da ita za mu koma. Ba ni barin ɗiyata ta yi jego da ruwan wanke hannu."

Hutun haihuwa na sati biyu kawai aka ba ni a ma'aikatarmu, Malumfashi kuwa ba nan kusa ba ce. Kuma na san arba'in ɗin gida, ba ta taɓa tsayawa a arba'in. Sai a ce a bari ta ƙara ƙwari, sai a ce a bari a yi bikin wance. Yarinyar da na jira shekara tara za ta fara gane fuskoki, ta fara murmushi, ni ina nan ina kallon hotonta a waya. Ga shi gaskiya tana wajen Hajiya, haihuwar fari gida ake zuwa, likita ne ma ya sa aka haihu a nan.

Wani zai ce me ya hana ka roƙe ta? Wanda ya faɗi haka bai san surukuta irin tamu ba. Shekara tara, maganar da ta taɓa haɗa ni da Hajiya ba ta wuce ina kwana da an tashi lafiya ba, ni a tsugune ina kallon tabarma, ita ta kawar da kai tana amsa wa bango. Da wane bakin zan tsaya a gabanta in yi zancen wankan 'yarta?

Sai na kira Bernard.

Bernard mai gyaran famfo ne, ɗan Kafanchan, duk layinmu shi muke kira. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yana aiki yana waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ya taka bokiti ya leƙa hitar, ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya girgiza kai.

"Oga Abdulbasit, wannan ya mutu tun tuni, kai ne ba ka binne shi ba."

"A sa sabuwa irinta?"

"Irinta ma same problem ne. Tanki ya ƙare, ruwa ya yi sanyi, NEPA ya ɗauke, ka zauna. Akwai wani, muna ce masa kombi. Ba shi da tanki. Gas yake sha, batir biyu ne yake kunna shi. Ruwa ya shiga da sanyi ta nan, ya fita da zafi ta can, ba ya gajiya. Kuma zai ba banɗaki, zai ba kicin, duka biyu."

"Zafi nake nema, Bernard. Zafi na gaske."

"Na fige kaza?"

"Na wankan jego."

Ya sauko daga kan bokitin yana dariya. "Ah, Mama ta zo ke nan. Oga, ka ɗauko mota."

Talata muka wuni a kasuwar Dei-Dei. Laraba da sassafe ya zo da kayan aiki. Sauke tsohuwar hitar nan sai da ya haɗa mu gumi mu biyu, da muka kife ta a ƙasa laka ta zubo ta kusa rabin bokiti, ja kamar kunun kanwa. Wai da wannan muke wanka shekara da shekaru. Sabon injin kuwa ɗan akwati ne fari, bai fi jakar makaranta ba. Bernard ya ce a waje ake kafa shi saboda iskar gas, ya kafe shi a bangon baranda, ya ja bututu ɗaya zuwa banɗaki, ɗaya zuwa kicin, ya ajiye silinda a gefe.

Hajiya ta sa aka fito mata da kujera, ta zauna da carbinta tana kallon aikin. Abin da ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya, shi Bernard babu ruwansa da kunyar kowa. Cikin rabin awa ya zama ɗan gida.

"Mama, mu ma muna yi a wajenmu. Lokacin da matata ya haihu, uwata ce ta gasa ta da tawul, tana ihu har maƙwabta suka fito."

"To ai shi ne lafiya, Barnaba," in ji Hajiya. Sunan da ta ga dama ta sa masa ke nan, shi kuma ya amsa.

Da la'asar ya ce a buɗe famfo. Injin ya yi ƙyas-ƙyas, wuta ta kama a cikinsa, kafin a ce me tururi ya cika banɗaki. Hajiya ta tashi da kanta. Ta tara bokiti ya cika, ta janye ta sa wani. Jira take abin ya gaji. Ta cika na uku, na huɗu, ta cika baho, ta aika aka ɗauko tukunyar shinkafa ita ma ta cika. Sannan ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta, ta fizge da sauri.

"Ikon Allah," ta ce.

Ni da ke laɓe a bakin ƙofa, ji na yi kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Bayan wankan yamma na zauna a falo na buɗe jarida, ko layi ɗaya ban karanta ba, kunnena yana ɗaki. Mata 'yan barka sun cika shi. Wata ta tambayi Hajiya yaya sabon injin.

"Zafi kam babu laifi," in ji ta. "Amma wankan da babu darbejiya, sunan wanka kawai gare shi. In mun je gida a yi mai dalili."

In mun je gida. Ashe Lahadi tana nan daram.

Da a ce na samu Mashkura ita kaɗai, da tambaya ɗaya kan yadda ake amfani da ganyen ta raba gardama. To Hajiya ta karɓe wayarta tun ranar Lahadi, wai mai jego ba ta danne-danne, ɗakin kuma ba ya rabuwa da mata. Sai na kira abokina Muktar, mai 'ya'ya huɗu, a ganina ya ga jiya ya ga yau. Abin da ban tuna ba, duk haihuwa huɗun nan a Zariya matarsa ta yi wankanta, shi ko tururin bai taɓa gani ba.

"Darbejiya?" in ji Muktar, da muryar masana. "Ai a cikin ruwan ake dafa ta. Kowa ya san wannan."

"To injin ba shi da tukunya. Ruwan wucewa kawai yake yi."

Sai ya tambaya: "Daga ina ruwan yake zuwa?"

"Daga tankin sama."

"Shi ke nan! Ka zuba ganyen a tanki. Ruwa ya jiƙa shi, ya biyo bututu, injin ya dafa. Ka ga an haɗa zamani da gargajiya."

Wallahi a lokacin sai na ga duk Abuja babu mai kaifin basirar Muktar. Muka yi sallama kowa yana yaba wa ɗan'uwansa.

Alhamis na bazama neman darbejiya. Sai ka nemi abu a garin nan kake sanin babu shi, duk inda na duba itatuwan ado ne. Can wajen Kado na samu wata babba a bayan wani masallaci, na roƙi ladan, na cika buhu har ina dannawa da ƙafa. Na dawo bayan azahar, lokacin duk maƙwabta suna wajen aiki. Tankin yana bayan gida a kan dogayen ƙarafa, ni kuwa ko tsanin canza ƙwan fitila ba na so. Haka na ɗaura buhu a baya, na tattare 'yar shara, na hau ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na buɗe murfi na dinga murtsuke ganyen ina zubawa har buhu ya ƙare. Maƙwabta sun faɗo mini a rai, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ce ai magani ne, in sun sani ma godiya za su yi.

Da yamma bayan wanka na ji Hajiya tana cewa, "Ruwan yau har wani ƙamshin gida yake yi." Na shige kicin na rufe ƙofa, na taka rawa ni kaɗai.

Juma'a da asuba na zo alwala, na kurkure baki. Ɗacin da ya bugi harshena sai da ya kai mini har ƙeya. Na tofar, na sake gwadawa, ya fi na farko. Na yi salla dai, amma ban san surar da na karanta ba.

Wajen ƙarfe bakwai aka fara. Madam Catherine ta ƙasa, nas ce 'yar Binuwai, mace mai kirki da faɗa, ita ta fara ɗaga murya a tsakar gida.

"Wane ne ya sa poison a ruwa? Ku zo ku ga uniform ɗina! Na jiƙa fari, ya tashi kore!"

Ban gama jin wannan ba sai ga Hajiya ta fito daga banɗaki da bokiti wayam. Famfon yana ɗiga kamar hawaye, injin ya yi ƙyas-ƙyas ya yi shiru, wuta ta ƙi kamawa. Ta ajiye bokitin a tsakiyar falo, ta ce wa labule, "Abin bature ke nan. Kwana biyu ya yi mana ado."

Nan take na kira Bernard. Ya zo a kan babur, ko hular kwano bai cire ba ya wuce baranda. Ya duba batir, lafiya. Ya jijjiga silinda, da gas. Sai ya kwance bututun da ke shigar da ruwa, ya zaro wata 'yar matata kamar ta shayi. A cushe take da wani abu kore mai yauƙi. Ya lakato da yatsa, ya shinshina, ya ɗan lasa, ya yamutsa fuska.

"Dogonyaro! Wa ya sa dogonyaro a tanki?"

Lokacin Madam Catherine ta hauro da rigarta a hannu tana ɗigar ruwa. Hajiya tana tsaye a ƙofar baranda. Kowa yana kallon kowa. Na so in ce iska ce ta kaɗo shi, amma wace iska ce take buɗe murfi ta zuba buhu guda ta mayar ta rufe? Garin neman gira na rasa ido. Sai kawai na ji gwiwoyina sun kai ƙasa a gaban Hajiya, bakina ya buɗe da kansa.

"Hajiya, ni ne. Na ji kin ce wanka babu darbejiya ba wanka ba ne, shi ne na zuba a tanki don ruwan ya zo da ita. Ba na so ku tafi ne. Shekara tara nake jiran yarinyar nan, ban ƙoshi da ganinta ba. Ki yi haƙuri."

Tunda nake da ita ban taɓa jera mata magana mai tsawon wannan ba.

"Kamar nawa ka zuba?" in ji Bernard a hankali.

"Buhu ɗaya."

Madam Catherine ce ta fara. Ta saki rigar ta dafe ƙarfen baranda tana ƙyaƙyatawa har da buga ƙafa. Bernard ya zauna daɓas a kan silinda. Daga cikin ɗaki na ji Mashkura tana dariya tana "wayyo cikina, ku bari!" Ashe duk tana ji. Na saci kallon Hajiya. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta sai rawa suke yi. Ta daɗe a haka kafin ta leƙo, idonta jage-jage da hawaye.

"Barnaba," ta ce, "gaya mashi, ganye a hannu ake riƙe shi. Ɗauri guda, a tsoma a ruwan zafi, a fyaɗa wa mai jego a jiki. Wanda na zo da shi ne ya ƙare. Na duba garin nasu daga nan sama ban ga itacen kirki ko ɗaya ba, shi ya sa ban ce a samo ba." Ta sake jan mayafin. "Buhu guda! La'ilaha illallahu."

Bernard ya juyo ya maimaita mini tsaf, kamar ba a gabana aka faɗa ba.

Sauran safiyar a kan tanki muka yi ta. Na kira Muktar na ce ya zo ya ga yadda zamani da gargajiya suka haɗu, ya zo yana ta rantsuwa wai shi cewa ya yi ɗan kaɗan. Muka zubar da ruwan kaf, muka kwashe ganye da kwando, Bernard ya shiga ciki da burushi yana waƙarsa tana amsa-kuwwa. Na bi sauran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, kowa na faɗa wa dalili sai ya fashe da dariya ya ce Allah Ya raya. Madam Catherine ta ce ta yafe, amma cinyar ragon suna tata ce, kuma ta ɗage zancen rigar zuwa bayan biki. Aka kunna injin rijiya tanki ya cika, Bernard ya wanke bututu da matata ya mayar. Wajen sha ɗaya aka buɗe famfo, wuta ta kama, tururi ya tashi.

Kowa ya yi murna ban da ni. Ina tsaye a baranda jiƙe sharkaf, tiyo a hannu, ina tunanin na gama kashe kaina. Dariya daban, yarda daban. Wace uwa ce za ta bar 'yarta da jikarta a hannun mutumin da ya jiƙa wa gida guda darbejiya? Gobe suna, jibi mota. Na fara lissafin kwanakin hutun da suka rage mini, ko in raka su in yi ko kwana uku a can.

Bernard ya tattara kayansa a jaka, ya rataya, ya ce, "Mama, na tafi."

"Tsaya, Barnaba." Hajiya ta matso gaban injin ta harɗe hannu a baya tana leƙensa. "Nuna mani inda ake murɗawa a ƙara zafi, da inda ake ragewa. Da wurin batir ɗin nan. Kuma yaya ake gane gas ya kusa ƙarewa?"

"Mama, ai ko me ya faru oga zai kira ni."

"A'a, nuna mani dai. Kwana talatin da huɗu suka rage mana, ba ni son kullum a yi ta aike ana neman ka."

Na tsaya da tiyo a hannu. Arba'in, a cire shida. Na ƙirga a kai, ban yarda da kaina ba na sake ƙirgawa da yatsu. Bernard yana nuna mata maɓalli yana satar kallona, bakinsa har kunne. Hajiya ta murɗa, ta mayar, ta sake murɗawa, ta gyaɗa kai. Ba ta juyo ba ta ƙara da cewa:

"Shi kuma a gaya mashi, ɗauri biyu kullum, na safe da na yamma. Yanzu ma ruwa na jira."

Ban tsaya an gaya mini ba. Na yar da tiyon na sauka benen nan da gudu, sai da na kai bakin titi na lura babu takalmi a ƙafata.